Garken Baba Nomau

Ku da kuke taruwa a bakin rumfata ranar kasuwa, kuna kallo ina soka wa akuya allura kuna cewa wannan ai ba aiki ba ne, ku nake yi wa wannan bayani. Ɗayanku har ya ce mini da zarar ya samu jari zai sayi jaka da sirinji, ya duba yadda ake yi a waya, shi ke nan ya zama mai maganin dabbobi. Ban yi masa musu ba, don ni ma haka na ɗauka da farko. Yau gemuna ya yi fari a cikin sana'ar nan, amma akwai aikin da in aka ce in bayyana yadda na yi shi, sai in rasa ta inda za ni fara.

Wurin Malam Nabara na koyi aiki, a kasuwar dabbobi ta Isa. Gajeren mutum ne mai faɗan tsiya, Allah ya ji ƙansa. Na daɗe ina binsa bai bar ni na taɓa sirinji ba. Riƙon igiya, wankin kwalabe, sai kuma duban kashi. In muka shiga garke, kafin ya gaisa da mai shanu sai ya nuna mini ƙasa da sandarsa, ya ce in faɗa masa abin da dabbar ta ci jiya da kuma yadda cikinta ya karɓe shi. In na yi kuskure in sha ranƙwashi. Sa'o'ina suka sa mini suna Sarkin Kashi, kuma har yau akwai tsofaffi a Isa da ba su san sunana Ummaru ba.

Wani san huɗa a Kamarawa shi ne kumburin farko da na gani da idona. Farkon damina ne, san ya kwance ya faɗa gonar wake da raɓa a jikin ganye, ya ci iya cinsa. Muna zuwa muka tarar kwiɓinsa na hagu ya tashi ya fi ƙashin bayansa tsawo, harshe waje, yana nishi. Malam Nabara ya ce an wuce maganar ɗura masa man gyaɗa. Ya auna da tafin hannu daga ƙashin ƙugu, ya ɗora wani ƙarfe mai tsini da ke cikin kube kamar bututu, ya buga shi sau ɗaya, ya zare ƙarfen ya bar kuben. Iskar da ta fito ta kori mai san har bakin darni, ni kuwa da nake riƙe da ƙaho ban samu damar gudu ba. Kafin mu wanke hannu san ya miƙe yana neman ruwa.

A hanyar komawa ya jera mini yadda ake bi. Ka fara da ruwan kanwa da man gyaɗa a kwalbar ɗura. Ka gitta wa dabba sanda a baki, ka ɗaure, don ta yi ta tauna har gyatsa ta zo. Ka tsayar da ita gabanta a tudu. Ƙarfe shi ne na ƙarshe, ba a fara shi don burge mai dabba. Ya ce duk dabbar da ke tuƙa, saniya ko tunkiya ko akuya, in ta yi gyatsa ta tsira. Da wannan karatu na ci abinci shekara da shekaru, kuma da ya rasu jakarsa ni aka ba. Har yanzu ƙarfen na ciki, da kwalbar ɗura mai dogon wuya, da almakashin yankan kofato, da igiyar da ta yi santsi don riƙo.

Masu dabba kuwa kowa da halinsa. Bafulatani tun ba ka sauka daga babur ba ya riga ya faɗa maka ciwon da maganin, kai dai hannunka yake so. Mace mai akuya ɗaya za ta tsare ka da tambaya har ka yi zufa, kuma ita ce ba ta manta alheri. Mai ragon layya yana so ka yi allurar da rago zai kwana ramamme ya tashi da kitse. Duk na iya da su. Da na yi aure na dawo Sabon Birni da zama, ina zagaya ƙauyuka har Bafarawa, babu garken da ba a san ƙarar baburina ba.

Sai mugunyar shekara ta zo. Kun san ta, wasunku a cikinta kuka baro ƙauyukanku. 'Yan bindiga suka kore shanu garke bayan garke, har awakin mata ba su bari ba. Hanyoyin da nake bi suka zama ba a binsu. Aka yanke sabis na waya. Magunguna suka lalace a jakata ban buɗe su ba. Mai maganin dabbobi a ƙasar da ba dabbobi, sai zaman rumfa da koran ƙuda. In na samu kaza mai mura ko jaki mai miki a baya, ranar na yi aiki.

A cikin wannan zama ne, wata safiya kashegarin kasuwa, Dije ta zo rumfata. 'Yar Baba Nomau ce, wani dattijo daga wani ƙauye bayan Gatawa, mijinta ya rasu tana zaune da uban. Baba Nomau na san shi farin sani. Ni nake yi wa shanunsa rigakafi, kuma in na je yini nake yi don yawansu. Da shanunsa rabin ƙauyen ke huɗa, bai taɓa karɓar ko zangarniya ba, kuma ban taɓa barin gidansa ba tare da an cika mini ciki da fura da nono ba. Na ji labarin an kore masa komai, sun gudo gari suna zaune a wani kango bayan kasuwa.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Malam Ummaru, Baba ya ce ka taho. Garke ba lahiya, kumburi na."

Na yi zaton an sako masa wasu shanun. Da rawar jiki na kwashi ƙarfe da igiya da babbar kwalba, na cika ta da mai, na bi ta. Muna tafiya ina tambayarta guda nawa suka kamu, da abin da suka ci, tana ba ni amsa ciki-ciki. Da muka kai kangon na shaƙi iska ban ji warin garke ba, na duba ƙasa babu kashi babu sawun kofato. A bakin ƙofa ta tsaya ta yi ƙasa da murya.

"Don Allah kak ka yi dariya. Su ka riƙe da shi garin ga. Ya ce ran da sunka ƙare ba shi da abin yi nan, gida za shi koma, ko mi za a yi mai can."

Ban gane ba sai da na shiga. Baba Nomau na zaune a kan buzu, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, a gabansa wani tsohon daro da ciyawa a ciki. Garken ke nan. Ɓeran masar ne guda biyu, irin waɗannan gajerun marasa wutsiya da yara ke kiwo don sha'awa. Daga baya Dije ta gaya mini wani ɗan kasuwa ne ya taho da su daga Nijar ya ba ta, suna zaune a ƙarƙashin rumbunta, Baba ko kallonsu ba ya yi. Ranar gudu ta jefa su a bokiti ta aza a kai. A cikin duk dukiyar gidan su kaɗai suka iso gari. Dukansu mata ne, don haka ba su ƙaru ba. Baba ya sa musu sunan shanun da ya fi so, jar Rahaji, farar Gudale, kuma kullum da safe yana zuwa bakin gulbi ya yanko musu ciyawa ya shanya.

Ban yi dariya ba, don abin da na gani ba na dariya ba ne. Rahaji na kwance ta gefe, ciki ya ɗaure tamau, tana cizon haƙora, numfashi sama-sama. Gudale ta takure a lungu, gashi a tsaye, ta ƙi motsi. Na ƙwanƙwasa cikin da yatsa, ya ba da amo irin na fanko. Na yi abin da aka fara koya mini, na tona ciyawar ina neman kashi. Babu ko ƙwaya ɗaya sabuwa.

Baba ya ce, "Huda ta, Ummaru. Awa yadda kay yi ma bajimina shekaran nan."

Na fiddo ƙarfen na ajiye kusa da Rahaji. Ya fi ta tsawo. Muka kalli ƙarfen, muka kalli juna, Baba bai sake maganar huda ba. Na tsuguna ina juya dabbar a hannu, kaina ya ɗaure. Tana tuƙa ko ba ta tuƙa? Tumbinta hagu yake ko dama? In ɗura mai, to nawa, alhali bakin kwalbata ya fi kanta girma? Har na karyo tsinke za ni gitta mata a baki, na ga wauta ce na yar. Shekarun da na yi a sana'a duk suka tsaya a bayana suna kallona, ba wanda ya ce mini komai.

Akwai wani likitan dabbobi a Sakkwato da na sani tun lokacin rigakafi, mutumin kirki. Amma waya a lokacin sai ka hau wani tudu a bayan gari inda ake kamo layin Nijar. Na ja babur na tafi. Na tarar da mutane cike, kowa ya ɗaga waya sama yana juyi. Da ƙyar na same shi. Na yi zaton zai yi mini dariya, bai yi ba. Ya ce kada in kuskura in huda. Ya ce waɗannan ba sa tuƙa, ba sa amai, kuma kada in jira gyatsa, iskar hanya ɗaya gare ta, ta baya. Ya ce in nemi maganin kumburin ciki na jarirai wanda ake ɗigawa, in ɗumama dabbar, in shafa cikin a hankali, in sa ta tafiya, in ba ta ruwa kaɗan-kaɗan da busasshiyar ciyawa kawai. Ya ce in kuwa tumbin ya murɗe, babu abin da zai yi sai aiki a asibiti, in kawo ta da gaggawa. Na ce masa hanya ba ta biyuwa. Ya ce ya sani. Ina tambayarsa ɗigo nawa za ni ba, layi ya ɗauke, na yi ta ɗaga waya har hannuna ya gaji.

Kafin in biya kemis in koma, Rahaji ta mutu. Baba ya rufe ta da gefen rawaninsa. Dije na tsaye a ƙofar ɗaki tana kallon uban, ba ta kallon dabbar. A nan tsoro ya kama ni, don na san abin da take lissafawa. Saura ɗaya.

Na cire allura daga ƙaramin sirinji, na ja maganin ɗan kaɗan da ƙiyasi da bisimilla, na zura ta gefen bakin Gudale. Na sa Dije ta ɗumama ruwa, na juye man da ke cikin kwalbar ɗura muka zuba ruwan, na naɗe ta da tsumma na jingina dabbar a jiki. Kwalbar da aka yi don bajimi ranar aikin da ta yi ke nan. Da yatsu biyu na riƙa shafa cikin daga haƙarƙari zuwa baya, in ta yi ƙara in sassauta. Sai in sauke ta ƙasa in ɗan tura ta, ta yi taku kaɗan ta tsaya, in sake turawa. Ku dubi mutum da furfurarsa yana rarrafe a kango yana bin ɓera, matan maƙwabta sun leƙo ta taga suna toshe baki da mayafi. Na ji su, ban ɗaga kai ba.

Wajen la'asar ina cikin shafa sai na ji wata 'yar ƙara a tafin hannuna. Ban taɓa murna da tusa ba kamar ranar. Can kuma sai ga kashi, ƙanana, busassu. Baba ya tsinci ɗaya ya murza a tafin hannu yana dubawa kamar yadda masu shanu ke yi, ya ce alhamdulillahi. Gudale ta ja silin ciyawa ta fara ci. In kun tambaye ni wanne ya yi aiki, maganin ne ko ɗumin ko shafar ko rarrafen, wallahi ban sani ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dalili. Na tambayi Baba me yake ba su, ya nuna mini tarin ciyawa. Na duba, na shinshina, ciyawa ce mai kyau, ba ruɓa ba raɓa. Na duba ruwan sha. Na tambaya ko an sa maganin ɓera a kangon, aka ce a'a. Na tafi ina cewa ƙila tsautsayi ne. Bayan mako Dije ta sake zuwa, wannan karon har gida, Gudale ta kumbura. Na sake rarrafe, ta sauka. Na sa aka sake daro, aka sake wurin yankan ciyawa, aka ɗaga ta daga kan siminti saboda sanyi. Wani makon ga Dije kuma, wannan karon har Gudale ta kwanta ta gefe kamar 'yar'uwarta, na cire rai, sai Allah ya sa ta tashi. Wata maƙwabciya ta ce baki ne, a nemo rubutu a wanke mata. Ban ce mata e ba, amma ban ce a'a ba, don ni ma ba ni da abin da ya fi nata. Baba kuwa na lura ya ɗaure 'yan kayansa a buhu ya rataye a ƙusa kusa da ƙofa.

Maiɗakina Ai ce ta ankarar da ni. Ina ba ta labari ina ƙorafi, ta ce ita dai abin da ta lura, Dije ba ta taɓa sallama a gidan nan ba sai kashegarin kasuwa. Na lissafa, na ga haka ne. Da kasuwa ta zagayo na rufe rumfa da wuri, na tafi kangon na ce na zo hira.

Ban daɗe da zama ba baƙi suka fara shigowa, duk mutanen ƙauyensu da suka watsu a gari. Wani yana dako a kasuwa, wani yana tura kurar ruwa, wata tana surfe a gidajen mutane. Kowa ya zo sai ya tube takalmi ya durƙusa kamar yadda suke yi masa a can gida, a gaisa, sannan ya ce, "Baba, ina garke?" Baba ya ce garke lafiya lau. Sai baƙon ya ajiye ƙulli a gefen daro, ba a hannun Baba ba, ya ce, "Ga wanga, a ba su." Wake a leda, gero a hula, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, ganyen kabeji. Wani ƙullin waken ya isa tukunyar gida guda, an ce wai na dabbar da ba ta kai tafin ƙafata ba.

Da baƙo ya fita sai Baba ya kwance ƙullin, ya ɗebi cikin hannu ya zuba a kasko, ya yayyafa ruwa yadda ake jiƙa wa sa dusa, ya tura gaban Gudale. Ba ya ɗauke ido sai ta sa baki. Sannan ya miƙa sauran ta ƙofar ɗaki, Dije ta karɓa. Baƙo na biyu haka, na uku haka. A sauran ranaku mutum ɗaya ne ke leƙowa ko babu, amma ranar kasuwa kowa ya samu ɗan abin hannu. Gudale kuwa ba ta san ƙoshi ba.

Da wuri ya yi sarari na ce, "Baba, wanga abu shi ak kashe Rahaji. Shi ka kumbura wagga. Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Ya ce da wane baki zai faɗa. Ya daɗe yana gyara ciyawar daro, sannan ya ci gaba.

"Kana ganin ban san wa anka kawo ma ba? Na sani, su ma sun san na sani. Mutanen ga, shanuna sunka yi musu huɗa, nonon gidana ɗiyansu sunka sha. Ba su iya miƙo min sadaka, ni kau ban iya amsa. Shi na sunka ce na garke na. To in garke bai taɓa ba, su sun yi ƙarya, ni kau na ci abin da ba a ba ni ba."

Na ce to ya daina ba ta, ai ba wanda zai sani. Ya kalle ni kallon da ya sa na ji kunya, ya nuna sama da yatsa. Na ce to in faɗa wa mutane likita ya hana ta hatsi, su daina kawowa. Ya ce Dije ta dafa me? Na ce ya riƙa ba ta ƙwaya ɗaya tak daga kowane ƙulli. Ya ce shi ba ya wasa da amana, wanda ya ce a ba garke ci yake nufi, ba shinshinawa ba. Duk ƙofar da na taɓa sai in ji ta a kulle. In ya ci gaba da ba ta, za ta mutu. In bai ba ta ba, ba zai karɓi ƙullin ba, gidan ya kwana da yunwa. In ta mutu, ba sauran garken da za a gaisar, shi kuma ga buhunsa a ƙusa. Na buɗe jakata na duba, don sabo kawai, na rufe. Na yi masa sallama na fito kaina na juyawa, har na wuce kwanar gidana ban sani ba.

Da safe ina tsakar gida ina wanke sirinji, sai ga wata kaza tana tsattsagar geron da ya zube a gindin turmi. Wata mata ce daga Bafarawa ta ba ni ita ladan aikin akuya. Na tsaya ina kallonta tana haɗiyar gero, tana haɗiyar tsakuwa, ba abin da ya dame ta. Kun san al'adarmu ta ba da kiwo. Mai dabba ya kai wa wanda ya iya, ya riƙe masa, in ta haihu a raba. Wanda aka ba kiwo ba a yi masa kyauta ba, shi ne ma ya yi taimako. Na kama kazar na saƙale ta a hammata, na nufi kangon.

Na ce, "Baba, alfarma niz zo nema. Kazar ga nika so ka riƙe min kiwo cikin garkenka. Ban da wurin aje ta."

Ya dubi kazar, ya dube ni. Ya ce, "Ba ka da akurki?"

Na ce, "Babu."

Ya karɓe ta ya duba ƙarƙashin fiffike, ya buɗe baki, ya taɓa ƙirji, kamar mai sayen saniya a kasuwar kara. Ya ce tana da ƙwarƙwata amma zai gyara ta. Ya ɗaure mata ƙafa da zare a jikin daro. Na ce tunda yanzu garke ya ƙaru, hatsi da wake na kaza ne, ciyawa ta Gudale, wannan umurnin mai magani ne. Ya ce ya ji.

Ina kan babur ƙaryar da na yi masa ta dawo mini. Akurki kam ina da shi, na laka, ni na gina shi da hannuna a bayan madafa. Mutumin da ya yarda ya rasa Rahaji don kada maƙwabtansa su zama maƙaryata, shi na kalli idonsa na ce babu. Ina isa gida ko ruwa ban sha ba na ɗauki diga. Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu ta tarar na kai rabi. Ta tambaye ni lafiya, me akurki ya yi mini? Na ce magani nake haɗawa. Ta tsaya tana kallona, ta ce ita dai ta san zaman banza ba zai bar ni haka ba, ta koma madafa.

Daga ranar Dije ba ta sake sallama kashegarin kasuwa ba. Baƙi suna zuwa suna gaida garke, Baba ya ɗebi cikin hannu ya watsa wa kaza, sauran ya wuce ɗaki. Gudale ta koma ciyawarta. Ta ƙara kumbura sau ɗaya da damina, ba ta ci komai ba sai abin da ta saba ci, kuma har yau ban san dalili ba. Saboda haka in wani ya kawo muku ɓeran masar ciki a ɗaure, ba ya ci ba ya kashi, kada ku tsaya gwaninta. Ku ajiye ƙarfe, ku ɗumama shi, ku shafa a hankali, ku ba shi busasshiyar ciyawa, in da hanya ku kai shi wurin likita tun da sauran numfashi. Sannan ku zauna a gidan ku ga wa ke shiga, wa ke fita. Wannan ba za ku same shi a waya ba.

Da kazar ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka yi wayo, Baba ya aiko Dije in zo a raba. Na tafi da kwando. Na tarar da shi a kan buzu, kaza da 'ya'yanta suna zagaya shi, Gudale na cikin daro tana cin ciyawa. Na duba ƙusar bakin ƙofa, buhun ba ya nan, tabarmar salla ce a rataye. Ya ware mini rabona gefe ɗaya da sandarsa, bai rage ko ɗaya ba. Na sunkuya za ni fara kamawa, sai ya ce, "Ummaru, ka gina akurki?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Na ji labarin wanda kar rushe." Bai kalle ni ba, yana watsa wa 'yan tsaki gero. "Bar su nan. Kak ka yi gaggawar ginawa."

Na ɗauki kwandona babu komai a ciki na koma gida. Har yau da nake muku wannan bayani ba ni da akurki.